Kashe Bairas a Bar Kamanninsa: Nazari Kan Sinadaran Haɗa Rigakafin Boru

A watan Maris na 1981 cutar baki da kofato, wadda makiyayanmu ke kira boru, ta ɓulla a gonakin aladu na yankin Bretagne da ke arewa maso yammacin Faransa. Kafin watan ya ƙare ta tsallaka teku, aka gan ta a tsibirin Jersey, sannan a tsibirin Wight na kudancin Ingila, masana kuma suka tsaya a kan cewa iska ce ta ɗauke ta. Da masu bincike na cibiyar Pirbright suka duba zaren gadon bairas ɗin, sai suka tarar kusan babu abin da ya raba shi da wani da aka keɓe a Lausanne ta Suwizalan tun 1965, wanda masana'antun Turai ke nomawa don haɗa rigakafi. Bairas ɗin boru kuwa ba ya shekara 16 yana yawo a jikin dabbobi ya zauna yadda yake, kullum cikin sauya kama yake. Wanda aka samu bai sauya ba, to a ajiye yake a wani wuri. Hujja ta nuna cewa daga rigakafin da aka kashe da fomalin ya fito, kisan bai kammala ba. A 1987 Beck da Strohmaier na Jamus suka bi sawun ɓarkewar cutar a Turai ta shekarun da suka gabata, suka nuna cewa akasarinsu daga irin da ake haɗa rigakafi da shi suka samo asali, ko dai ta allurar da ba ta mutu sarai ba, ko ta kuɓucewa daga masana'anta.

Wannan lamari ya isa ya sa a tambayi abin da ake nufi idan aka rubuta a jikin kwalba cewa bairas ɗin da ke ciki matacce ne. Abin da nake son tabbatarwa a wannan nazari shi ne, babu gwajin da ke iya ganin wannan mutuwa kai tsaye. Lissafi ne ke tabbatar da ita, lissafin kuma ba ya tsayuwa sai idan sinadarin da aka yi aiki da shi yana kisa bisa ƙa'ida ɗaya tun daga awar farko har ta ƙarshe. A kan wannan sharaɗi fomalin ya faɗi a harkar boru, a kansa kuma sinadarin BEI ya gaje shi.

Abin da ake so a kashe, da abin da ake so a bari

Boru shi ne ciwon dabba na farko da aka gano cewa bairas ke jawo shi. Friedrich Loeffler da Paul Frosch suka nuna haka a tsakanin 1897 da 1898, lokacin da suka tace ruwan ƙurajen da matacin da ke tare bakteriya, amma ruwan ya ci gaba da sa ciwo. Ƙwayar bairas ɗin abu biyu ce kawai: zaren gado na RNA mai haruffa sama da 8,000, da kwanson furotin da ya lulluɓe shi. An gina kwanson da furotin iri huɗu, kowanne kwafi 60. Zaren shi ne mai haifuwa. Idan ya shiga ƙwayar halittar saniya, ko da shi kaɗai ne ba kwanso, yana iya sa ta ƙera dubban sababbin bairas. Kwanson kuwa shi ne fuskar da garkuwar jiki ke gani ta haddace.

Aikin mai haɗa rigakafi ke nan a fili: ya lalata na ciki, ya bar na waje garau. Wahalar ita ce kwanson boru ba shi da ƙwari. Da ruwan da yake ciki ya ɗan yi tsami, ma'aunin pH ya sauko ƙasa da 6.5 ko kusa da haka, ko zafi ya taɓa shi, sai ya wargaje gida 12. Masana na kiran cikakkiyar ƙwaya 146S, gutsattsarin kuma 12S. Gutsattsarin ba sa tayar da kariyar kirki ko kaɗan. Don haka ba a iya dafa shi kamar yadda ake yi wa wasu bakteriya, ba a kuma iya zuba masa asid. Dole a nemo sinadarin da zai ratsa kwanson ya isa ga zaren a hankali, cikin ɗumi mai sauƙi.

Mai tambaya zai ce me ya hana a raunana bairas ɗin a bar shi da rai, kamar yadda aka yi wa bushiya. An gwada a shekarun 1950 da 1960, aka watsar, domin irin da ya yi laushi a jikin wasu shanu yakan yi zafi a jikin aladu ko wasu shanun, yakan kuma koma halinsa na asali. Shi ya sa har yau kusan duk rigakafin boru da ke kasuwar duniya matacce ne.

Zamanin fomalin

Fomalin ya shigo fagen rigakafi da daraja mai girma. A farkon shekarun 1920 Gaston Ramon, wanda shi kansa likitan dabbobi ne a Cibiyar Pasteur, ya nuna cewa yana kashe dafin cutar mashaƙo ya bar shi yana tayar da kariya. Nan da nan aka juya shi kan bairas. Vallée da Carré da Rinjard suka gwada shi kan boru a Faransa a tsakiyar shekarun 1920. A 1926 Curasson da Delpy suka bayyana rigakafin bushiya da aka kashe da fomalin, aka daɗe ana aiki da irinsa a Afirka, ana niƙa saifar shanun da suka kamu ana zuba mata sinadarin. Amma rigakafin boru na farko da ya yi aiki sosai a fili shi ne na Otto Waldmann a tsibirin Riems na Jamus, wajen 1937 zuwa 1938. Ya riƙa sa wa shanu ciwon da gangan a harshe, ya kankaro fatar ƙurajen, ya niƙa, ya maƙala bairas ɗin a jikin sinadarin aluminiyam haidiroksaid, sannan ya zuba fomalin. A 1947 Frenkel na Amsterdam ya kawar da buƙatar sa wa shanu ciwo: ya gano cewa fatar harshen lafiyayyun shanun da aka yanka a mahauta tana iya rayuwa cikin tanki na ɗan lokaci har bairas ya hayayyafa a cikinta. Da wannan Holan ta fara yi wa shanunta allura duk shekara tun farkon shekarun 1950, maƙwabta suka bi, boru ya ragu ƙwarai a Turai. Adalci ne a faɗi wannan kafin a soki fomalin: shi ya karya lagon cutar a nahiyar.

Matsalarsa tana cikin yadda yake aiki. Fomalin ba ya zaɓe. Duk furotin da ya tarar yakan kama shi ya ɗaure shi da na kusa da shi. Abin da jima ke yi wa fata a hannun majema, ta taurare ta daina ruɓewa, shi fomalin ke yi wa kwanson bairas, shi ya sa ma ake adana gawa da shi. Wannan taurarewa tana da fuska biyu. Tana ƙarfafa kwanson, abin so. Amma tana iya toshe wa sinadarin kansa hanyar shiga ciki, sai ya zamana ƙwayoyin da suka tsira a awannin farko sun fi wuyar kisa a na baya. Ban da haka, ruwan da aka noma bairas a ciki cike yake da wasu furotin da ke shanye fomalin, ƙarfinsa na raguwa ana cikin aiki. Ƙwayoyin bairas kuma sukan dunƙule da juna ko da tarkacen nama, na tsakiyar dunƙulen ya sami mafaka. A tsarin Waldmann akwai ƙarin cikas: tun da an riga an maƙala bairas a jikin aluminiyam kafin a kashe shi, ɗibar samfuri a auna abin da ya rage yana da wuya ƙwarai.

Idan aka zana adadin bairas mai rai a kan lokaci, duk waɗannan dalilai suna haifar da siffa ɗaya. Layin yakan gangaro da sauri da farko, sannan ya fara kwanciya, ya ja jela mai tsawo. A cikin wannan jela haɗarin yake.

Ba dabbobi kaɗai suka ɗanɗana ba. Masanin Suwidin Sven Gard ya yi ta gargaɗi cewa kisan da fomalin ke yi wa bairas ɗin shan inna ba miƙaƙƙen layi ba ne yadda Jonas Salk ya ɗauka. A watan Afrilun 1955 wasu rukunan rigakafin da kamfanin Cutter na Amurka ya fitar suka zo da bairas mai rai. Mutum kusan 40,000 suka kamu, kimanin 200 suka shanye, 10 suka rasu. A Kudancin Amurka ma, binciken zaren gado ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin wasu annobar ciwon ƙwaƙwalwar dawakai na Benezuwela da rigakafin fomalin da ake yi wa dawakan kafin shekarun 1970. Duk da haka har gobe da fomalin ake kashe bairas ɗin allurar shan inna, kuma tana da aminci, domin an koyi tace ruwan kafin a fara da kuma a tsakiyar aiki don kawar da dunƙule. Simon Barteling na Holan shi ma ya nuna a shekarun 1980 cewa ana iya miƙar da layin fomalin a kan boru idan an kiyaye sharuɗɗa. Sai dai sinadarin da amincinsa ya rataya a kan kiyaye sharuɗɗa masu yawa, a masana'antar da ke fitar da miliyoyin allurai, wata rana sai an yi sake da ɗaya.

Rabin hanyar da ba a gani

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi, domin shi ne ƙashin bayan zancen.

Mu ƙaddara tanki mai lita 1,000, kowace mililita na ɗauke da ƙwayar bairas mai rai miliyan 10. Jimilla tiriliyan 10 ke nan. Ƙa'idar da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta gindaya ita ce, a ƙarshen aiki lissafi ya nuna abin da ya rage bai kai ƙwaya ɗaya mai rai a cikin lita 10,000 ba. Idan muka kira duk raguwar da ta bar kashi ɗaya cikin goma mataki guda, to daga miliyan 10 a mililita zuwa wannan ƙa'ida mataki 14 ne. Ma'aikacin ɗakin gwaji da ke ɗibar mililita guda yana zubawa a kan ƙwayoyin halitta zai iya bin mataki bakwai na farko da idonsa. Bayan nan samfurinsa zai riƙa fitowa fayau, ba don tankin ya tsarkaka ba, sai don abin da ya rage ya yi ƙaranci a ce ya faɗo cikin ɗan abin da ya ɗiba. Ko ya ƙara yawan samfurin, mataki biyu ko uku zai ƙara gani. Sauran hanyar a duhu ake bin ta.

To, ai akwai gwajin ƙarshe, in ji mai musu. Akwai, kuma wajibi ne: ana ɗibar abin da ya kai allura 200 a zuba a kan ƙwayoyin halitta masu saurin kamuwa, a sake dasawa, a jira. Amma a duba iyakarsa. A ce kowace allura daga mililita 5 na ruwan tanki ta fito. Allura 200 lita guda ke nan, tankin kuma zai ba da allura 200,000. A ce ƙwaya 100 suka tsira a tankin gaba ɗaya. Damar da litar da aka ɗiba za ta fito babu ko ɗaya ta kai kashi 90 cikin 100. Gwaji zai ce lafiya lau, a sa hannu, a rufe kwalabe, sannan a bi garke-garke a tsira wa shanu duk lita 999 da suka rage, da ƙwayoyin nan a ciki. Ba kowace ce za ta tayar da ciwo ba, amma a cutar da ke tafiya cikin iska saniya ɗaya ta isa. Shanun da ke fili sun fi kowane ɗakin gwaji yawan samfuri, su ne ke gano abin da ya wuce wa masana'anta.

Saboda haka hujjar gaskiya ba a gwajin ƙarshe take ba. Tana cikin samfuran da ake ɗiba awa bayan awa a farkon aiki, a auna, a zana. Idan ɗigogin sun jeru a miƙaƙƙen layi, wato kowace awa tana rage kaso iri ɗaya na abin da ya saura, ana da ikon miƙa layin zuwa inda ido ba ya kai, a ce a awa kaza za a ƙetare mataki na 14. Idan layin mai jela ne, wannan miƙawa ƙarya ce, kuma mafi muni, lanƙwasar tana iya faruwa a ƙasa da inda gwaji ke gani. Abin da ake nema ga sinadari ke nan: ba ƙarfi kaɗai ba, hali guda da za a dogara da shi.

Aziridin

Sinadaran dangin aziridin ƙanana ne ƙwarai, zobe ne mai kusurwa uku da ke a takure, yana neman abin da zai buɗe a kansa. Suna ratsa kwanson cikin sauƙi, su manne a haruffan zaren RNA, musamman wanda ake yi wa alama da G. Zaren da aka yi wa haka ba ya kwafuwa. Suna ɗan taɓa furotin, amma ba sa ɗaure shi da juna, don haka ƙofa ba ta rufewa a bayansu, layin kisa kuma yakan tafi a miƙe. Fred Brown da Joan Crick na Pirbright suka nuna amfanin ɗaya daga cikinsu, AEI, a kan boru a 1959. Wannan ya zo daidai da wani sauyi: a farkon shekarun 1960 aka fara noma bairas ɗin a ƙwayoyin halitta na BHK-21, waɗanda asalinsu daga ƙodar jaririn ɓeran hamsta ne, aka kuma koyi rainonsu suna yawo cikin manyan tankuna. Girman tanki ya ninka, haɗarin jela ya ninka tare da shi.

Cikas ɗin aziridin shi ne guba ne ga ma'aikaci. Abin da ke lalata zaren gadon bairas yana iya lalata na mutum, tsantsarsa kuma tana tashi a iska, jigilarta da ajiyarta haɗari ne. Hans Bahnemann, wanda ya yi aiki a cibiyar PANAFTOSA da ke Rio de Janeiro ta Barazil, shi ya warware wannan a aikin da ya wallafa a 1975. Maimakon a sayo gubar, sai a sayo wani gishiri mai sauƙin riƙewa, a narkar da shi a ruwa mai ɗabi'ar kanwa, zoben ya ƙullu da kansa a cikin ruwan, a tsarme, daidai lokacin da ake buƙata. Wannan shi ne BEI. Idan an gama, sai a zuba sodiyam tayosalfet ya kashe kaifin abin da ya saura. Ba ƙaramin abu ba ne cewa dabarar daga Kudancin Amurka ta fito, inda ake yi wa ɗaruruwan miliyoyin shanu allura kuma ake buƙatar hanya mai arha da kowace masana'anta za ta iya. A shekarun 1980 kusan kowa ya koma kanta.

Bambancin a lambobi yake. Fomalin yakan ci mataki 0.2 zuwa 0.3 a awa, kafin ma ya fara jan jela. BEI, a ɗumin digiri 26, yakan ci rabin mataki zuwa mataki guda a awa. Ko a mafi jinkirinsa mataki 14 awa 28 ne, shi ya sa masana'antu da yawa ke barin aikin ya kai kwana biyu, wasu kuma su ƙara zubi na biyu.

Akwai wata ƙa'ida ta aiki da nake ganin ta fi kowace nuna yadda masu wannan sana'a suka fahimci lissafin. Bayan an zuba BEI an gauraya, sai a kwashe ruwan duka zuwa wani tanki na biyu mai tsabta. Dalili kuwa, a tankin farko akwai ɗigon da ya fantsama ya maƙale a ƙarƙashin murfi, akwai wanda ya laɓe a bakin bututu ko cikin famfo, inda sinadarin bai kai ba. Ɗigo ɗaya da bai kai kashi ɗaya cikin 20 na mililita ba yana iya ɗaukar ƙwaya dubu ɗaruruwa. Idan ya gangaro cikin tanki bayan an kashe kaifin BEI, aikin kwana biyu ya tashi a banza, layin da aka zana kuma ba zai nuna komai ba. Ginin masana'antar ma a rabe yake, ɓangaren mai rai daban, na matacce daban. Ɓarkewar boru a Surrey ta Ingila a Agustan 2007, wadda bincike ya danganta da lalatattun bututun magudanar ruwa a harabar Pirbright, ta tuna wa kowa cewa bairas ɗin da bai shiga kwalba ba ma sai an san makomarsa.

Akwai na uku a wannan fage, BPL, wanda shi ma zaren gado yake kai wa hari kuma yana rushewa da kansa a ruwa cikin awanni. An fi saninsa a rigakafin ciwon haukan kare da wasu na kaji. A boru bai sami gindin zama ba.

Abin da aka biya

BEI ya kawar da jela, amma ya tafi da wata kyauta da fomalin ke bayarwa ba a roƙa ba, wato taurin kwanso. Ƙwayar da BEI ya kashe tana nan da rauninta na asali. Boru iri bakwai ne, O, A, C, Asia 1, SAT 1, SAT 2 da SAT 3, kariyar ɗaya ba ta rufe ɗaya, kuma ba ƙwarinsu ɗaya ba. Irin A yana da dama-dama. O da dangin SAT, musamman SAT 2, sun fi saurin wargajewa. Barteling da Cassim sun bayyana a 2004 cewa haɗa BEI da ɗan fomalin yana hanzarta kisa ya wuce mataki biyu a awa, yana kuma ƙara wa kwanson ƙwari, abin da ke nuna cewa tsohon sinadarin bai gama amfani ba, matsayinsa ne ya sauya daga makashi zuwa mataimaki.

Sannan matacce ba ya hayayyafa a jiki, don haka abin da aka tsira shi ke nan. Dole a zuba ƙwaya mai yawa, a haɗa da sinadarin da ke zaburar da garkuwar jiki: aluminiyam da safonin, waɗanda ke aiki ga shanu amma ba su cika yi wa aladu ba, ko kuma mai, wanda ke yi wa duka biyun. Dabbar da ba ta taɓa samu ba tana buƙatar allura biyu, wajen wata guda tsakani, sannan a riƙa maimaitawa kusan duk wata shida. Kwalba kuma ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, kada ta yi zafi, kada ta daskare.

Inda zancen ya iso gare mu

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, bushiya ce ta haife ta. Rigakafin fomalin na bushiya kariyarsa gajeriya ce, bai iya kawar da cutar ba. Wanda ya yi aikin shi ne mai rai na Walter Plowright, wanda aka yi amfani da shi a gagarumin gangamin da aka fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, har aka shelanta ƙarewar bushiya a duniya a 2011. Allura ɗaya, kariya har mutuwa. Rigakafin annobar awaki da tumaki ta PPR da aka fi amfani da shi a Afirka shi ma mai rai ne, daga irin da aka keɓe a Nijeriya a 1975. Na kawo wannan ne don in nuna cewa tunanin makiyayanmu da na hukumominmu a kan rigakafi an gina shi ne a kan nasarar masu rai: a zo sau ɗaya, a huda kunne, a wuce. Wanda ya ɗauki wannan tunani ya ɗora wa boru zai sha kunya. Masu kiwon kajin ƙwai sun fi kusa da fahimtar bambancin, domin sun san na ɗigawa a ruwan sha daban, allurar mai da ake yi kafin kaji su fara saka daban.

An tabbatar da iri huɗu na boru a Nijeriya, O da A da SAT 1 da SAT 2, suna bin burtali da kasuwannin kara ba ruwansu da iyakar ƙasa. Uku daga cikinsu suna cikin masu raunin kwanso. Boru ba ya yawan kashe babbar saniya, shi ya sa ake raina shi, amma yana ƙafar da nono, yana kashe maruƙa ta hanyar zuciya, kuma idan ya kama shanun huɗa a farkon damina suka kwanta da ɗingishi, gonar wannan shekara ta tafi. Rigakafin da ke zuwa mana akasari daga nesa yake tahowa. A nahiyar, Cibiyar Rigakafi ta Botswana da ke Gaborone, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970, ita ce ta yi fice wajen irin SAT. Tsakanin tankinta da mashekarin makiyayi a Bauchi ko Maraɗi akwai filin jirgi, da sito, da firjin da wuta ke ɗaukewa, da bayan babur a watan Afrilu. Kwalbar da 146S ɗinta ya koma 12S ba ta sauya launi, ba ta wari. Malamin dabbobi zai tsira ta da zuciya ɗaya, makiyayi ya biya, bayan wata biyu shanu su fara dalalar da yawu. Abin da zai biyo baya shi ne a ce allurar ce ta kawo ciwon. A Turai ta zamanin fomalin wannan zargi yakan zama gaskiya. A rigakafin BEI da aka yi bisa ƙa'ida kusan ba zai yiwu ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne kwanson ya mutu a hanya, ko irin da ke cikin kwalbar ba shi ne ke yawo a yankin ba. Amma makiyayin da ya yi asara ba zai bambance waɗannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. A shekara mai zuwa zai kora garkensa daji idan ya ji motar masu allura, har da ta ciwon huhu da ta harbin daji.

Don haka nake ganin duk hukumar da za ta sayi rigakafin boru da kuɗin jama'a, a Abuja ne ko Yamai ko Garwa, bai kamata ta tsaya ga takardar da ta ce an gwada ba a ga bairas mai rai ba, tun da mun ga iyakar wannan magana. Ta nemi zanen layin kisa na wannan rukunin kansa, da ɗigoginsa da awanninsa. Ta nemi sunan irin da ke ciki, a gwada shi da wanda aka keɓe daga shanunmu a shekarun nan. Ta nemi adadin 146S na kowace allura ranar da aka cika kwalba, sannan ta sa a sake auna shi bayan kaya sun sauka, da kuma a ƙarshen hanya, daga akwatin sanyin malamin da ke shiga ruga. Tarayyar Afirka tana da cibiyar PANVAC a Bishoftu ta Habasha don duba ingancin rigakafin dabbobi, ana iya jingina da ita, amma awon 146S ba ya buƙatar bairas mai rai ko gini na musamman, na'ura ce da horo, kuma Vom da LABOCEL ta Yamai da LANAVET ta Garwa duk wurare ne da ya dace a ce ana yin sa a kai a kai.